Ba Zafi Ne Ya Kashe Injin Yaya Ba

Ranar Alhamis sha tara ga watan Satumba, da ƙarfe uku da rabi na yamma, Allah Ya karɓi ran Yaya a gadon asibiti, kwana ɗaya bayan jirgin da ya ƙera da hannunsa ya faɗi da shi a wata gona kusa da ƙaramin filin jirgi na bayan gari. Na Allah muke, kuma wurinSa kowa ya dosa. Ya bar mahaifiya, da mata, da 'ya'ya huɗu, da ƙanwa ɗaya, autarsu, wadda ni nake aure. Ni mai gyaran lagireto ne. Shekara ashirin da shida shagona yana jikin garejinsa, bango ɗaya ya raba mu, kuma duk wani bututun ruwa da ke cikin jirgin nan da hannuna na haɗa shi.

Yau kwana goma sha biyu ke nan, Yaya, kuma ba da sanyin zuciya na ɗauki biro ba. Tun kafin mu wanke ƙasar kabarinka daga hannuwanmu gari ya yanke maka hukunci. Wai ganganci. Wai bakanike ya ga kwanciya ƙarƙashin mota ba ta ishe shi ba, sai ya hau sama. Wai ka ɗauki injin mota ka ɗaura masa fuka-fuki, ya yi zafi ya tafasa a sama, yadda duk mai hankali ya san zai yi. Mutumin da ko murfin lagireton motarsa bai san inda yake ba, shi ne yau yake karkace baki a wurin zaman makoki yana bayanin yadda injinka ya ƙone. Akwai wani da na san sau uku kana tashi daga kan abinci ka je ka jawo motarsa daga bakin hanya, da kunnena na ji shi yana cewa dama ya daɗe da sanin kanka ba daidai yake ba. Tir da wannan baki! Ba don darajar mahaifiyarka Inna da ke zaune a ɗaki ba, da sai an raba mu a wurin.

Amma duk wannan surutu ne, zai wuce. Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar ta shiga gidanka. Ran kwana biyar matarka ta tare ni a bakin ƙofar kicin, idonta a bushe, ta ce, "Kawun yara, kai ka fi kowa sanin aikinsa. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, sakaci ya yi?" Na sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Shi ke nan, na ji. Ashe bai tuna da mu ba." Tun ranar ta daina tada zancenka, in wani ya tada sai ta tashi ta bar wurin, kuma yaran sun lura. Na yi shiru ne don ka sa na ɗaukar maka alkawarin yin shiru. Alkawarin nan ba zan cika shi ba, Yaya, ka ji haushina in ka ga dama.

Wanda bai san shi ba, bari in gaya masa ko wane ne ake kira mai sakaci. A layin kanikawa ba wanda ke kiransa da sunansa, Sake-Duba ake ce masa, don kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Ka gama ɗaure noti, ya ce sake duba. Ka ce ka duba, ya ce to sake. Direbobin manyan motoci suna zaginsa a bayan ido saboda jinkiri, amma in doguwar tafiya ta kama su wurinsa suke kawo mota, su zauna a kan benci suna ƙunƙuni har ya gama. Na taɓa ganin ya bi wata tirela a kan babur har kusan fita gari, ya tsayar da direban, don kawai zuciyarsa ba ta kwanta da wani noti ɗaya na famfon mai ba. Da aka sa sifana, notin a ɗaure yake tam. Direban ya ce, "Haba Sake-Duba, ka tsinka mini zuciya a banza." Yaya ya ce masa gara tasa ta tsinke minti biyar da shi ya kwana yana juyi, ya hau babur ɗinsa ya dawo bakin aiki.

Ni kaina, Yaya, duk abin da nake da shi a duniya ta hannunka ya biyo. Na zo layin nan da murhun dalma da guduma ɗaya, ina aiki a gindin bango rana tana dukana. Kai ka rushe gefen garejinka ka fitar mini da shago, ka ce lagireto da inji ba a raba su. Kai ka riƙa turo mini motoci har aka san ni. Lokacin da na yi wata uku ina kewaye-kewaye na kasa buɗe baki in ce ina son ƙanwarka, kai ka ajiye sifana ka ce, "Malam, in maganar auta ce ka faɗa, ka ishe ni da gaisuwa sau biyar a yini." Da hayaƙin dalma ya kwantar da ni wata biyu, kai kake buɗe shagona da safe ka yi aikina ka yi naka, ka riƙe mini gidana, kuma har ka koma ga Allah ba ka taɓa tada zancen ba ko da wasa.

Maganar jirgi kuma ba rana ɗaya ta faɗo maka ba. Tun kana saurayi kake gyara janareta da motar mai a ƙaramin filin nan inda jiragen feshin gona suke sauka. Wani tsohon matuƙi ya ga kana yawan leƙe ya fara ɗaukarka, har ka koyi tuƙi, ka ci jarrabawa, ka karɓi takardarka. Masu cewa ka hau abin da ba ka iya ba su je su tambaya. Shekara bakwai kana ƙera naka a rumfar bayan gareji, ɗan ƙarami mai kujera biyu. Ka zaɓi injin dizal na ƙaramar mota saboda man ƙananan jirage yana wuyar samu, dizal kuwa ko'ina akwai, ga shi ba ya sha da yawa. Burinka jirgin da bakanike na kowane gari zai iya gyarawa, wanda zai iya ɗauko mara lafiya daga inda hanya ta yanke. Mai duba jirage ya zo sau uku kafin ya sa hannu a fara gwaji, kuma a gabana ya ce bai taɓa ganin littafin gwaji mai tsabta irin naka ba.

Fuka-fuki ba su ba ka wahala ba, farfela ma haka. Zafi ne ya sha mana kai shekara uku cur. A mota abin da sauƙi: lagireto na gaba, fanka na bayansa, in allurar awon zafi ta hau ka faka a gefen titi ka jira ya huce. A sama babu inda za ka faka. Kuma sa'ar da inji ya fi shan aiki, wato lokacin da jirgi ke hawa da totur a buɗe gaba ɗaya, a lokacin ne ya fi tafiya a hankali, iskar da ke ratsa lagireto ba ta taka kara ta karya ba. Lagireto na farko da na haɗa maka ƙarami ne, muka sa shi a hanci, bayan farfela. Minti shida a ƙasa ruwa ya tafasa ya yi feshi har kan gilashi. Ashe kusa da cibiyar farfela iska ba ta da ƙarfi, a can bakinta take. Na ce to a sa babba. Na kinkimo na babbar mota, na tagulla, ka ɗora shi a sikeli ka dube ni ka ce, "Wannan in na sa shi, sai dai ni in tsaya a ƙasa jirgin ya tafi shi kaɗai."

Daga nan ka shiga abin da 'yan layi suka fara kira hauka. Ka kwashe zaren saƙar matarka, ja da shuɗi, ka yayyanka guntu-guntu ka manna a jikin murfin inji da salatif. Muka ɗaure murfin a kan rufin a-kori-kurata, ni ina tuƙi, kai kana tsaye a baya riƙe da ƙarfe kana kallon inda zaren ke kaɗawa. Mutane suna nuna mu suna dariya, ko a jikinka. A ranar ka gano abin da ni mai shekara talatin a sana'ar ban sani ba, cewa iska ba ta shiga inda ba ta da mafita. Muna ta faɗaɗa bakin shiga, alhali ƙofar fita ce ta yi ƙanƙanta, iskar sai ta cushe ta juyo, ga zaren nan yana nuna gaba maimakon baya. Ka kuma gano cewa duk 'yar kafar da aka bari a gefen lagireto ta nan iska za ta sulale ta bar shi, don haka muka bi gefe-gefe muna toshewa da roba. Muna gama wannan sai ga kumfa a cikin ruwa. Muna maganin kumfa sai murfin lagireto ya ƙi riƙe matsi, ga ruwa yana saurin tafasa in an yi sama. Man inji shi ma ya ce atafau sai an yi masa nasa ɗan lagireton. Kowane gwaji sai ka rubuta: zafin rana kaza, minti kaza, allura ta kai kaza. Littafi huɗu ka cika. Lagireto na uku da na haɗa, na alminiyam, wanda muka rataye a ƙarƙashin cikin jirgin a cikin bututun da ka lanƙwasa da hannunka, shi ne ya yi. Ranar da ka fara tashi da shi ka sauka allura tana tsakiya, ka rungume ni da rigata mai baƙin mai har muka kusa faɗuwa. Sau goma sha ɗaya ka tashi ka sauka lafiya.

Yanzu ga abin da ban faɗa ba. A kan hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto akwai wani ɗan bawul da muke kira tamostat, bai fi bakin kofin shayi ba. In inji na da sanyi sai ya rufe, ya hana ruwa zagayawa har inji ya ɗumama, in ya yi zafi ya buɗe. Mu masu gyaran lagireto ba ma ƙaunarsa. Duk motar da aka kawo mana tana zafi, abu na farko shi ne mu cire shi mu jefar, mu ce wa mai mota dama don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi. Haka maigidana ya koya mini, haka na yi wa motocin da ban san adadinsu ba, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi. Sau biyu ina ce maka a cire na jirgin. A na biyun ka ajiye abin da ke hannunka ka ce, "Wannan ba mota ba ce. Dizal ba shi da fulogi, zafin cikinsa ne ke kunna mai. In ya huce da yawa mutuwa zai yi. Kada ka taɓa shi." Na ce to. A raina kuwa na ce ji Yaya da karatun littafi, ni da na tsufa a cikin ruwan zafi za a koya wa aikina.

Ran Talata da rana tsaka muka tayar da injin a filin, muna shirin tashi na goma sha biyu, wanda za ka yi sama fiye da kowane lokaci. Rana ta take sosai. Allura ta hau ta tsaya ɗan ƙasa da jan layi. Ka duba littafinka ka ce daidai ne, haka take yi a ƙasa in babu iska. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, shekara uku na yi ina fargabar tafasar ruwan nan. Sai aka yi maka waya cewa jikin Inna ya motsa, ka bar ni in rufe murfi, ka tafi kai ta asibiti. Na tsaya ni kaɗai da sifana mai lamba goma a hannu. Noti biyu ne kawai. Na kwance, na zare shi, na mayar da gaskit mai hana yoyo, na cika ruwa, na fitar da kumfa, na goge wurin tas yadda ko kai ba za ka gane an taɓa ba. Na jefa shi a aljihun rigar aiki. Wallahi a lokacin ji nake na yi maka alheri, har ina raya wa kaina cewa in ka sauko ka yaba sanyin injin sai in fito da shi in yi maka dariya.

Ran Laraba da safe ka zagaya jirgin sau biyu kamar kullum. Ka taɓa kowane tiyo, ka buɗe murfi ka leƙa ruwa, ka ja kowace waya, ka tsiyayi mai a kwalba ka ɗaga shi a rana. Duk abin da ido ke iya gani ka duba. Sannan ka juyo ka tambaye ni, "Akwai abin da ka canja jiya bayan na tafi?" Na ce babu. Ka ɗan daɗe kana jiran inji ya ɗumama, na hango ka kana ƙwanƙwasa gilashin allurar da yatsa, amma da yake a ƙasa iska ba ta ratsa lagireton sosai, da ka ba shi wuta ta hau inda ta saba zama. Ka ɗaga mini hannu ka tafi.

Ka hau lafiya. Kusan minti arba'in ina jin ƙararka tana kewayawa can sama. Sannan ka rage totur ka fara gangarowa, doguwar gangara daga inda iska ke da sanyi, inji ba ya wani aiki, iska kuwa tana ratsa lagireton nan da muka sha wahala muka gyara mata hanya, ruwa yana ta zagayawa babu abin da zai tare shi. Na ji ƙarar ta fara sarƙewa. Ta ɗauke, ta dawo, ta ɗauke. Na ga farfela ta tsaya cak, ta motsa, ta sake tsayawa. A nan inda nake tsaye na san abin da na aikata, tun kafin ka taɓa ƙasa. Ba ka da tsayin da zai kawo ka fili. Tsakaninka da shi akwai layin gidaje, sai ka karkata hagu ka nufi gonar da aka huɗe, tayar gaba ta faɗa magudanar ruwa, jirgin ya kifa. Wasu daga cikin masu gidajen nan suna cikin masu cewa ganganci a yau.

Da muka zaro ka aka sa ka a mota, na koma na ɗora tafin hannuna a kan injin. Ɗumi kawai yake da shi, shayin da aka manta a kofi ya fi shi zafi. Gabansa ya farfashe, mazaunin tamostat ɗin ya tarwatse a cikin ƙasa, shi ya sa mai binciken da aka turo bai lura akwai abin da babu ba.

Ran Alhamis da hantsi ka farfaɗo. Ka sa aka fitar da kowa, ka ce a bar maka ni. Da ƙyar muryarka take fita. Ka ce, "Allura ta faɗi ƙasa warwas. Ban taɓa ganin ta a can ba. Me ka taɓa?" Rigar aikin tana jikina, tun ran Laraba ban cire ta ba. Na sa hannu a aljihu na fito da shi na ɗora a tafin hannunka. Ka juya shi, ka rufe ido, ka daɗe a haka. Na jira zagi, wallahi da ka zage ni da na ji sauƙi. Sai ka ce, "Jefar da shi. In Inna ta ji, auta ba za ta iya zama da kai ba, gida biyu za su mutu maimakon ɗaya. Ka bar shi a kaina, ni na riga na tafi. Yi mini alkawari." Na yi maka. Bayan awa biyar ka cika.

To ni dai ina jin haushinka, Yaya, kuma zan faɗa ko da an ce ba a yi wa mamaci haka. Kai da ba ka taɓa barin noti ɗaya a kan zato ba, ka tafi ka bar iyalinka a kan ƙarya. Ka tuna da ni, ka tuna da auta da Inna, ka manta da matar da ta ba ka zaren saƙarta tana dariya, wadda ta yi shekara bakwai tana kare ka a wurin danginta tana cewa mijinta ba ya wasa da ransa. Ka manta da 'yarka ta fari, wadda ta kwashe littattafanka huɗu ta zuba a kwali ta tura ƙarƙashin gado don ba ta son ganinsu. Ka ɗauka sunanka naka ne kai kaɗai da za ka yi kyauta da shi? Haba Yaya! Su ma da shi za su rayu. Alherinka ya yi yawa har ya cuci naka, kuma ni ka ɗora wa dakonsa. Kwana goma cur ina karɓar gaisuwa a ƙofar gidanka, ana ce mini sannu da rashin aboki, sannu da ƙoƙari, ina amsawa ba kunya. Haushin da nake ji na kaina kuwa ban san inda zan ajiye shi ba. Ina zagin 'yan ba-ni-na-iya na wurin makoki, alhali babbansu ni ne. Su da baki suka yi nasu karambanin, ni da sifana na yi nawa.

Jiya da la'asar na tara su a ɗakin Inna: ita, da matarka, da auta, da 'yarka ta fari. Na durƙusa na faɗi duk abin da na rubuta a nan ban rage komai ba, har da tambayar da ka yi mini da safe da ƙaryar da na shara maka. Inna ta juya fuskarta bango. Auta ta tashi ta fita, kuma ba ta koma gidana ba. Abin da ka ji wa tsoro ya fara, ban san inda zai tsaya ba. Matarka ta ce in maimaita mata abin da ka yi kafin ka hau. Na maimaita: zagaye biyu, tiyo, ruwa, waya, mai a kwalba. Ta ce, "Kuma ya tambaye ka." Na ce ya tambaye ni. Ta ce, "Ashe ya duba." Sai ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo ka gida, tana cewa baban yara ka yafe mini, 'yarka ta riƙe ta suna yi tare. Da ta lafa ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Na gode, kawun yara. Amma tashi ka fita." Na tashi na fita. Yau da safe na kai wa mai binciken tamostat ɗin, da yake ban jefar da shi ba, na faɗa masa komai, na sa hannu a kan bayanina.

Saboda haka masu bakin magana ku gyara zancenku. Injin Yaya bai tafasa ba. Zafin da kuke ta faɗa, shi ya riga ya yi maganinsa da haƙuri da awo tun kafin ku san ana yi. Sanyi ne ya kashe injin, kuma ni na jawo shi da hannuna bayan an hana ni. In zagi kuke nema, shagona yana nan inda kuka san shi, ku zo ku same ni ku bar mamaci ya huta. 'Yan'uwana masu gyaran lagireto kuma, abin nan da muke cirewa muna jefarwa kullum, wanda ya sa shi ba wawa ba ne.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Rayukan da ke cikin gidajen da ka kauce wa, Allah Ya sa su a mizaninka ko da masu su ba su gode ba. Allah Ya sa Aljanna ce makomarka.

Inna, Allah Ya ba ki haƙurin rashin ɗan da bai taɓa ɗaga miki murya ba, Ya ƙara miki lafiya. Matar Yaya, Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya tsaya miki a kan tarbiyyar marayun nan. Ku yara, ku ɗaga kanku a duk inda aka ambaci mahaifinku, bai yi wasa da ransa ba kuma bai manta da ku ba, Allah Ya raya ku Ya ba ku halinsa. Auta, Allah Ya ba ki haƙurin rashin yayanki, duk abin da kika yanke a kaina ba zan ja da ke ba. Ina miƙa ta'aziyya ga sauran dangi, da 'yan layin kanikawa, da direbobin da suka rasa wanda zai bi su a kan babur.

Ni kuma ba neman yafiya a takarda ya sa na yi wannan rubutu ba. Wanda zuciyarsa ta iya, ya sa ni a addu'a. Wanda bai iya ba, wallahi ban ga laifinsa ba.